Tarin Kakana

Tun da aka sabunta tsofaffin waƙoƙin Taurarin Bukuru, 'yan kiɗan Turawa na rok na zamanin da, bangon ɗakin kakata Ladidi ne ke rera su. Jita ta gabas, ganga ta yamma, murya daga rufi. Tsohon faifan kuwa babu na'urar da ke karɓarsa yanzu.

Marigayi kakana ne mai jitarsu. A tsohon faifan yakan yi tari kafin waƙa ta uku, kuma abin da ya rage mana na muryarsa ke nan. Masu gyara suka ce datti ne, suka goge.

"Iya, tashi mu kai ƙara," na ce. "Ana share mana mutane, ku kuna yaba daɗin sauti."

"Angona, kai dai da zafin kai. Zauna. Ai ni nake yi masa tarin kullum."

Waƙa ta biyu ta ƙare. Ta dafe ƙirji, kafaɗunta suka girgiza, ta yi murmushi.

Ban ji komai ba. Bangon ya tace tarin, kamar yadda yake tace kukan akuyar maƙwabta.

Na buɗe baki in gaya mata, sai ni ma bangon ya tace muryata, ban ji ta ba.