Mai Ƙorafi Na Ƙarshe

Ta tarar babu kowa a bencin masu jiranta. A wannan gidan tsofaffi na tsibirin Sisili, duk Alhamis layi suke yi mata, ita da hukuma ta turo ta kare musu haƙƙi. Kukansu ɗaya ne: kuku yana dafa taliya har ta yi luguf, kuma ya hana su leƙa kicin. Ta yi ta faɗa da shugaban gidan har aka buɗe musu ƙofar. To yau ina suka shiga?

Sai ga kukun da kansa, ƙato da shi, ya zauna a bencin yana murza hularsa.

"Ranki ya daɗe, ƙara na kawo," in ji shi. "Kowace tsohuwa da miyar tumatirin ƙauyensu. Wannan ta ce ƙara tafarnuwa, waccan ta ce wa ya aike ni. Jiya da ludayi aka buge ni. An ce ke kike tsaya wa wanda aka zalunta."

Ta buɗe baki ke nan, wata murya ta taso daga kicin.

"Kai, ɗan nan, albasar ita za ta yanka kanta?"

Ya miƙe ya nufi kicin.

Ta gane muryar da ƙyar. Tsohuwar ɗakin ƙarshe ce, wadda tun rasuwar mijinta ta juya wa bango fuska, likita ya ce ba za ta ƙara magana ba.