Kwalin Asabar

Asabar ta sake wucewa, kwalin bai zo ba. Hasiya ta zazzage buhun shinkafa a tukunya, abin da ya fito bai cika tafin hannu ba, ga yara uku sun zuba mata ido.

Tun da mijinta Sabo ya rasu a kan sitiyarin tasi, ba Bahaushen da ya ga ta miƙa hannu a garin Gaithersburg na Amurka. Ranar sadakar bakwai Hajiya Sadiyya, matar likita, ta aiko da kayan abinci, Hasiya ta mayar mata har ƙofar gida. Ita dai mutanenta ba za su san cikinta ba.

Amma da Martina, wata Ba'amurkiya daga cocin masu bishara, ta ƙwanƙwasa da kwalin abinci, sai ta karɓa. Wannan ai ba za ta kai labari masallaci ba. Sai da ta kafa sharaɗi ma: ba alade, ba littafi, ba mai yi mata addu'a, kuma ta ƙofar baya. Martina ta ce to, ta riƙa kawowa duk Asabar. Da tafiya ta yi nisa har kuka da daddawa ake sakowa. Hasiya ta ce lallai masu wa'azin nan sun iya farautar mutum.

Mata suka yi ta tsegumi, wai ta kusa sayar da sallarta. Ta toshe kunne. Ko da aka ce an kwantar da Sadiyya a asibiti a Largo, ba ta je dubiya ba, kada a yi mata kallon tausayi.

Yau kam ƙaramin yaron ko ƙarfin kuka ba shi da shi. Ta ja mayafi, ta hau bas zuwa cocin. A hanya ta yanke shawara: in addu'ar suke so, su dafa kanta su yi. In benci suka nuna mata, za ta zauna.

Mai gadin, Katung, ɗan kudancin Kaduna ne, da Hausa ya amsa mata.

"Rabon abinci, Mama? Ai mun daina tun bara. Komai yanzu ƙauyukan Komi ake aikawa, can Rasha."

"Kai, yaro, kada ka raina mini hankali! To kwalin da Martina ke kawo mini fa?"

"Kwalin namu ne, amma wayam take ɗaukarsa. Wata Hajiya Sadiyya ce ke cika shi a bayan motarta, ga shi an ce tana asibiti."