Maganin da Inna Ta Tsinta a Banɗaki

Da yatsu biyu Inna ta riƙo bututun maganin, ta jefa shi gaban ɗanta kamar mushen ɓera.

"Duba abin da na tsinta a banɗaki. Man ƙaiƙayin gaba! Matar kirki ina ta ga wannan ƙazanta? Kana can kana jan mota kwana da kwanaki, ita tana nan tana kwaso maka cuta. Yau ko ita ko ni a gidan nan."

Ɗan nata direba ya tsame hannu daga abinci. Ya ture kwano, ya harari matarsa. "Ke, naki ne?"

"Ni na saya," in ji ta. "Mai kemis ya ce ba cutar bin maza ba ce, gumi da danshi ke kawo ta."

"Ji bakinta, ko kunya babu!" Inna ta tofar da yawu. Tun ɗazu a tsaye take, ta ƙi zama, sai matse ƙafafu take yi.

"Haɗa kayanki," direba ya ce wa matarsa.

Matar ta durƙusa, ta ɗauki bututun, ta goge shi da bakin zane, ta miƙa wa surukarta da hannu biyu.

"Inna, ni lafiyata lau. Ni ke wanke miki kaya, na ga abin da na gani. Na rasa bakin faɗa, shi ya sa na ajiye inda za ki gani. Kuma sabo na ajiye shi, ko buɗewa ban yi ba."

Direba ya dubi bututun. An matse shi har rabi.