Tela da Hedifon ɗin Gwaggo

Ajiye sukundireban nan tukuna, malam, ka saurara, tunda na ga hannunka yana ƙaiƙayi.

An yi wani tela mai son kayan sauti kamar ransa. Ba wanda ya koya masa gyara, shi ya koya wa kansa, da ƙunar yatsa da warin dalma, har ya zamana in rediyon maƙwabta ta yi mura shagonsa ake kawo ta. Yana da gwaggo, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa. Tsufa ya cinye mata ido, ya toshe mata kunnen hagu, saura na dama, shi ma sai an ɗaga murya. Abokin hirarta duk duniya wani tsohon hedifon ne, irin mai rufe kunne ruf, da take jonawa a rediyo. Nan take jin tafsiri, nan take jin gaishe-gaishe, tana amsa wa masu gaisuwa kamar ita suka aiko wa. An sha kawo mata na zamani, masu shiga cikin kunne kamar ƙwayar gujiya, ta ce ba ta jin komai sai kukan sauro. To, ɓangare guda na tsohon hedifon ɗin ya daɗe da mutuwa. Gwaggo ko a jikinta. Mai ran take juyawa wajen kunnenta mai ji, ta jingina da bango, duniya ta yi mata daɗi. Telan ne abin ya tsaya wa a rai. Shi da ke gyara wa bare, a ce matar da ta tauna ta ba shi tana fama da rabin kaya? Ya lallaɓa ya karɓa, ya ce kafin la'asar zai dawo mata da shi yana magana ta baki biyu.

Kuma kada ka ce bai iya ba, ya iya! Ya bi wayar yana lanƙwasawa a hankali yana saurare, musamman wuyan fulogi inda ta saba karyewa. Ya yanke, ya feɗe, ya ƙona ɗan fentin nan da ke jikin siraran wayoyin, wanda in ba ka cire shi ba dalma ba za ta kama ba ko ka kwana kana roƙonta. Ya shafa wa kowace dalma kafin ya haɗa, ya liƙe tsaf. Ya jona. Mataccen ɓangare shiru. Ya buɗe shi, ya gwada, ya tabbata 'yar sifikar ce da kanta ta mutu, ba waya ba. Nan ne fa mai hankali ke ɗaure kayansa ya mayar wa mai shi. Amma zuciya ta ce masa, leƙa lafiyayyen mana, ka ga yadda yake. Ya kwance. Ya ga dalmarsa ta dushe, ta yi toka-toka don tsufa. Tana aiki fa, ba ta ce masa komai ba! Ya ce bari ya sabunta ta, ko wannan guda ya ƙara mata ƙarfi. Ranar babu wuta, a garwashin dutsen gugarsa yake gasa ƙarfen liƙin, shi kuwa garwashi bai san daidai ba. Wuri irin wannan taɓawa ake yi a ɗauke, kamar mai ɗanɗana miya a kan wuta. Shi ko ya ɗora ƙarfe ya tsaya gyara zaman waya. Ƙarƙashin wurin akwai wani zare na tagulla, gashin jariri ya fi shi kauri. Ɗan hayaƙi ya tashi, siriri, ba ƙara ba komai. Shi ke nan.

Ya yi ta jonawa yana cirewa har aka kira la'asar. Ya taho gida, ya tarar da ita bakin ƙofar ɗaki, rediyo a cinya, tana jira. Ta lalubo hedifon ta sa, ta murɗa. Ta juya shi ɗaya gefen, ta sake murɗawa har ƙarshe. Ta daɗe a haka. Sannan ta cire, ta shafa shi, ta ce, “Ɗan nan, ko batir ne ya yi sanyi?” Ya durƙusa gabanta. Ta miƙa hannu ta sami kansa, ta dafa. “Bar shi. Dama kunnen ya gaji.” Daga ranar, lokacin gaishe-gaishe na yi sai ka ga tela ya rufe shago, ya zo ya durƙusa dama da ita, rediyo a kunnensa, yana maimaita mata da ƙarfi wane na gaida wance.

Ba mugunta ta kai shi ba, ƙauna ce da ƙaiƙayin hannu. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.