Amyar Mahauci

Zauna tukuna, ɗana, kada ka tafi da wannan fuskar. Ka ce ƙafar yayanka ta kama, amma ya ƙi fitowa, ya ƙi magana, abinci ma sai an yi da gaske. Na san wannan. Na tsufa ina ɗori, ƙashi bai cika ba ni wahala ba, zuciya ce ba a ɗaure ta da kara. Bari in ba ka misali ka kai gida.

An yi wani mai zuma a wani ƙauye, gwanin amya, kwandon nan na ciyawa da ake ratayawa a bishiya don ƙudan zuma su shiga. Ba ɗorawar da ba ta san tafin ƙafarsa ba. Ran nan reshe ya karye da shi, ya faɗo, ƙugu ya tafi. Allah ya yi da sauran kwana, amma hawa ya ƙare. Sai ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Iyalinsa, don tsabar ƙauna, suka ɗauke masa komai, igiya da wuƙa aka ɓoye, buta ma sai an miƙo masa. Masu dubiya su shigo a sanyaye, su ce sannu, su girgiza kai su fita kamar 'yan ta'aziyya. Shi kuwa yana kallonsu, har ya ƙudurta a ransa ya riga ya mutu, binnewa ce ta rage. Irin wannan baƙin ciki ciwo ne, ba lalaci ba, kuma yana kisa.

To, yana da maƙwabci, tsohon mahauci, wanda ciwon suga ya cinye wa ƙafa ɗaya, kullum cikin shan magani. Shi ma ya taɓa irin wannan kwanciya, damina da rani, ya san ɗacin sannun nan. Saboda haka bai ce sannu ba. Ya dogaro sandarsa da damin ciyawa, ya baje a bakin ƙofar ɗakin, ya kama saƙar amya. Mutumin da bai san komai ba sai fawa, wai shi ne da amya. Baki a wage, gindi a karkace, ya yaɓe ta da laka maimakon kashin shanu, yana yi yana yabon kansa da ƙarfi. Washegari ya dawo, ya tattaro tsumma ya cinna wuta, wai turare yake mata don zuma ta ji ƙamshi. Da hayaƙin ya kutsa ɗaki, sai aka ji muryar da aka yi watanni ba a ji ba: "Malam, wace zuma za ta shiga wannan? Ko ɓera ba ya kwana a ciki." Mahauci bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Gwani na kwance, ai dole 'yan koyo mu ci kasuwa."

Kafin ka ce kwabo, ga mai zuma ya jawo jiki har bakin ƙofa, ya fizge amyar, ya warware ta tas, yana saƙa yana faɗa. Matarsa ta leƙo daga madafa, ta toshe baki, hawaye na zuba. Ban ce maka ranar ya warke ba. Akwai ranakun da ya koma ya juya baya, mahauci kuwa bai fasa zuwa da sabuwar ɓarna ba. A haka amya ta taru. Da yake ba mai hawa a cikinsu, suka sa aka kafa musu gwafa daidai ƙirji a gefen gona, suka ɗora. Gari ya yi ta dariya, wai guragu biyu za su koya wa zuma saukowa.

Wata safiya sai ga mahauci yana ɗingisowa da sauri kamar zai yar da sanda, ido ɗaya ya kumbura suntum, baki har kunne. "Sun shiga! Wallahi sun shiga, ga shaida a fuskata." Mai zuma ya dube shi, ya tuntsire da dariya har ya riƙe ƙugun nan mai ciwo, ya ce a miƙo masa sandarsa. Da kansa ya taka har gonar. Saƙar zumar farko da suka ɗiba, masu dariyar nan ne a gaba wajen miƙo kwano.

Yayanka tela ne, ko ba haka ba? To, ku rage sannun nan, ku fito da kekensa daga inda kuka ɓoye. Ɗauki yadi ka zauna a ƙofarsa ka yanka shi a karkace, ka ga abin da zai faru. Mutum ne ya karye, gwanintarsa ba ta karye ba. Hausawa sun ce, komai lalacewar giwa, ta fi kwando goma.