Tambayar Da Ta Haɗiye

"Lokaci ya cika," in ji jami'in ɗaukar ma'aikata.

Matashiyar mai neman aikin ta janye hannunta daga kwamfutar. Awa biyu ke nan tana fama da aikin gwajin: ta rubuta manhajar da za ta jera marasa lafiya a layin ganin likita. Ba a faɗi wa za a sa a gaba ba. Wanda ya riga zuwa, ko wanda ciwonsa ya fi tsanani? Tun a minti na farko ta lura da giɓin, amma mutumin ya kai sa'an mahaifinta, kuma kansa na sunkuye a kan takardu. Sai ta haɗiye tambayar, ta rubuta manhajar iri biyu, kowace tana aiki tsaf.

Ko kallon allon bai yi ba.

"Malama, da gangan muka cire wannan bayanin. Hali muke gwadawa. Wanda ya buɗe baki ya tambaya, shi muke ɗauka."

Gwajinta na tara ke nan tun da ta gama jami'a. Ta yi godiya, ta mayar da kujerar inda ta same ta.

A gida ta tarar da mahaifiyarta tana ninke wanki.

"Autata, yaya? Ba ki dai cika mutane da surutu ba ko?"

"Ko uffan ban ce ba, Mama."

"Madalla." Uwar ta yi murmushi, ta ci gaba da ninki. "Ai na faɗa wa babanki ya kwantar da hankalinsa. Yarinya mai ladabi irinki, wa zai ƙi ɗauka?"