Mai Jan Wata

"Kujerun tsakiya sun ƙare, Hajiya," in ji tsohon, yana miƙa wa matarsa tikiti. Ƙarya yake yi. Da bakinsa ya roƙi kujerun can gefe, waɗanda kowa ke gudu.

Ta daɗe tana mafarkin wannan wasan waƙe-waƙe, har leshi ta ɗinka kafin su taso daga Lyon zuwa Paris. Da aka buɗe labule, rabin dandali kawai ta hango.

"Malam, kunnen mawaƙiya na zo kallo? Bari mu koma gida."

Shi waƙa ba ta dame shi ba. Idonsa na bayan labule, da ake hangowa daga kujerun gefe, inda wani ƙato ke jan igiya, farin wata na kwali yana hawa sama.

Can jarumar wasan ta mutu, aka ɗauke ta, zaure ya cika da kuka. A bayan labule kuwa gawar ta tashi zaune, ta fizge burodin mai igiya ta gatsa. Hajiya ta toshe baki da mayafi, tana dariya har da hawaye.

Sai mai igiyar ya ɗaga wa tsohon hannu, irin gaisuwar sabo.

Dariyarta ta tsaya.

"Malam, zuwanka na nawa ke nan?"